Harbin Maraba a Ƙauyensu Baban Alheri

Tun ranar da muka dawo ban huta da tambaya ba. A bakin famfo a tambaye ni, a ƙofar coci a tambaye ni, har Maman Blessing da muke gida ɗaya a nan unguwar Television sai da ta biyo ni kicin tana cewa, "Ladi, kin je garin miji kin dawo a rame, yunwa suka bar ki da ita ne?" Kowa na ce masa lafiya lau muka je muka dawo. Ban yi ƙarya ba, amma ko rabi ban faɗa ba. Na tambayi mijina, Baban Alheri, ko in faɗi sauran. Sai bayan kwana biyu, yana ɗaure takalmi, ya ce, "Rubuta. Akwai matan sojoji a zumuntarku. Sunan ƙauyen dai ki bar shi." To ga shi. Karatuna bai yi nisa ba, ku karɓe shi yadda ya zo.

Sai na fara da abin da ba ku sani ba. Mijina, Ponfa, soja ne, ya yi shekara biyu da wani abu a dajin arewa maso gabas, sau ɗaya ya zo hutu. Da aka dawo da su babu ko ƙwarzane a jikinsa, muka je coci muka yi godiya, wasunku ma kun taya mu rawa. Sati biyu bayan nan murfin tukunya ya kuɓuce mini ya faɗi a siminti. Kafin in sunkuya sai na ji ni a ƙasa, shi a kaina, yana ihu wai mu kwanta. 'Yarmu Alheri na goye a bayana, kanta ya bugi ƙafar tebur ya yi ƙulu. Na ce wa maƙwabta daga gado ta faɗo.

Sau ɗaya ya yarda ya ga likita a bariki. Likitan ya kira sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba. Wata nas ce ta ja ni gefe ta ce, "Madam, mijinki ya dawo, amma jikinsa bai ji labarin an dawo ba. Ana samun sauƙi in yana zuwa." Bai koma ba. Ya ce in aka ji, abokan aiki za su ce kansa ya taɓu. Ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki cewa ba zan gaya wa kowa ba, musamman mutanen gidansu.

Ana cikin haka uwarsa ta dame shi da waya, a kawo mata jika ta gani. Ni haifaffiyar Kaduna ce, a nan aka yi aurenmu, ban taɓa taka ƙauyensu ba, can bayan Langtang. Bayan Ista muka shirya.

Da safe muka isa gareji. Kujerar gaba wani Alhaji mai jiki ya riga ya zauna, buhunansa a but. Baban Alheri ya tsaya a bakin ƙofar, ya ƙi shiga baya. Shi yanzu ba ya iya zama inda ba zai ga hanya ba. Direban, wani siriri mai yawan surutu, ya ce, "Alhaji, a taimaki ƙasa, soja ne." Alhajin ya fito yana dariya, "In ɓarayi suka tare mu dai kai ne a gaba, ni na huta." Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

Har Kachia lafiya. Ina kallon ƙeyarsa, kansa na juyawa hagu da dama, bai bar ko kwalbati ɗaya bai duba ba. Mun wuce Kachia kaɗan sai ga wani rami a tsakiyar titi da aka cike da sabuwar jar ƙasa. Direba ya nufe shi kai tsaye. Sai kawai Baban Alheri ya cafke sitiyari ya murɗe, yana cewa, "Kauce! Kauce mata!" Motar ta yi gefe har ciyawa na dukan gilashi. Alhaji ya hau salati, mata na kiran Yesu, Alheri ta tsala kuka. Sai daga baya na gane bam yake tsammanin an binne a wurin.

Direba ya tsaya, ya cire hula ya goge fuska. "Oga, ƙasa ce fa! Ƙasa! In tuƙin kake so in sauka in ba ka."

Na yi sauri na ce, "Ku yi haƙuri, gyangyaɗi ya yi, ya firgita."

"Gyangyaɗi da ido buɗe, Madam?"

Kusa da ni akwai wata dattijuwa mai kwandon daddawa a cinya. Da muka ci gaba ta karɓi Alheri tana jijjiga ta, ta kawo bakinta kusa da kunnena ta ce, "Ɗana ɗan kwana-kwana ne. Tun wata gobara da suka shiga suka fito da mutane, ba ya zama a gida in ana babbaka kan akuya. Sai ya fita ya yi ta tafiya."

Na ce, "A'a Mama, namu barci ne kawai."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya ba shi barci." A Zonkwa ta sauka, ta cusa mini daddawa ƙulli biyu a jaka. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma har yau abin na damuna.

Bayan Manchok, inda jiharmu ta ƙare Filato ta fara, akwai shingen sojoji da buhunan yashi. Na ce a raina yau in ya yi wani abu a nan mun shiga uku. Wani soja ya leƙo, Baban Alheri ya nuna masa kati, sojan ya ƙame, suka gaisa da yarensu na bariki. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Kafaɗun nan nasa da suke a ɗage tun Kaduna sai suka sauka. Har dariya ya yi. Ga bindigogi ko'ina, mutumin nan hankalinsa kwance, amma a kicin ɗina murfin tukunya ya kayar da shi. Na yi ta juya wannan har muka shiga Jos.

Mun sauka a ɗakin baƙi na wani coci. Sanyin Jos kuwa, ku da kuke kukan sanyi a Kaduna ba ku ga komai ba, kuma ni da wayona na bar suwaitar Alheri a kan igiya a gida. Safar babanta muka zura mata a hannu har kafaɗa. Matar da ke kula da wurin ta gan ta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kawo mana bargo da gwate mai zafi. Kamar fatenmu ne, sai dai nasu da acca ake yi, ya fi ruwa, ga gauta mai ɗaci. Na sha kwano biyu. Shi cokali uku ya yi, ya tashi ya ja gado ya juya shi yana kallon ƙofa. Da safe matar ta ga gadon ta ce, "Iska ce ta dame ku ta taga?" Na ce e.

Daga Jos muka bi Mangu, muka bi Pankshin. Bayan Pankshin hanyar sai ta yi ta gangara tana nannaɗewa, kunnena ya toshe, Alheri ta amayar da kokon safe a kan wandon wani malamin makaranta. Mutumin kirki, ya ce yara huɗu gare shi, wandon ya saba. Muna sauka sanyi na guduwa, kafin Langtang har na cire mata safar, zufa ke karyo mana. Daga nan babura biyu suka kai mu ƙauyen.

Gida ya cika. Uwar mijina, Mama, ta karɓi Alheri tana juyi da ita tana waƙa da yarensu. Aka miƙo mini ƙwaryar kunu. Na kurɓa sau biyu na mayar, yadda muke yi a nan don kada a ce baƙuwa ta zo da yunwa. Sai mata suka fashe da dariya. Mama ta turo mini ƙwaryar ta ce, "A nan in ba ki ga gindinta ba, ba a fara gaisuwa ba." Na shanye har cikina na ƙara. Wani abin kuma, duk ɗakin da aka kai ni gaisuwa akwai hoton soja a bango, wani biyu, wani uku. A wurinmu in yaro ya ce zai shiga soja uwa kuka take yi. A can in bai shiga ba ne ake tambayar me ya same shi.

Ranar Alhamis da yamma muna ɓarar gyaɗa da ƙanwarsa Saratu, na hango maza a gindin mangwaro suna goge dogayen bindigogi irin na maharba. Na ce farauta za a je? Ta ce, "Au, bai gaya miki ba? Harbin maraba ne za a yi wa yayana, jibi." Ta kwashe ta gaya mini. In ɗan gari ya dawo daga yaƙi da ransa, sai ya ɗora ɗansa a kafaɗa, ya tako daga bakin coci zuwa ƙofar gidan ubansa. Maharba na ɓoye a bayan katanga da rumbuna. Bai san inda za su saki wuta ba, sai dai ya ji a bayansa. Mata kuma idonsu na kan kafaɗarsa. In bai motsa ba, sai guɗa.

Na ce, "Wanda ba a yi masa ba fa?"

"Ai sai wanda ya gudu daga aiki, ko aka kore shi. Ba a ma faɗa, kowa ya gane."

Gyaɗar ta zube daga cinyata. Ni dai ƙulun nan na kan Alheri nake gani, kuma hanyar cocin duk duwatsu ce.

Na same shi a ɗaki. Na ce, "Baban Alheri, ka san da wannan ka kawo mu?"

Ya ce, "Na sani. Zan iya."

Kofin ruwa ne a hannunsa, ya ajiye shi bai sha ba. Na ce, "Ba da 'yata a kafaɗarka ba."

"In ban ɗauke ta ba za a tambaya. In ba a harba ba, Mama ba ta ƙara ɗaga kai a garin nan. Kin yi rantsuwa, Ladi."

Na gwada Mama ta wata hanya. Na ce yarinyar na tsoron ƙara. Ta yi dariya ta ce, "Jinin soja ce, za ta saba. An riga an dafa burkutu."

Akwai wani tsoho a gidan, Baba Zingfa, yayan marigayi baban mijina, shi ma tsohon soja. Tun zuwanmu nake lura da shi. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. In mata suka jawo turmi, kafin taɓarya ta sauka ya ɗauki kujerarsa ya koma nesa. Na tambayi Saratu ko Baba zai fito ranar Asabar. Ta ce, "Wa? Bai taɓa tsayawa ba. Duk ranar harbi tun asuba ya tafi gona, wai awaki. Ba ya son taro, haka yake."

Ranar Juma'a da hantsi na goya Alheri, na ɗauki gorar kunu na ce zan kai wa Baba gona. Duk hanya ina roƙon Ubangiji ya yafe mini hannun da na ɗora a kan Littafinsa. Na same shi yana gyaran kunya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gorar, na kasa tashi.

Ya ce, "'Yar Kaduna, wa ya aiko ki?"

Na ce ba kowa. Sai bakina ya buɗe, na gaya masa murfin tukunya, da jar ƙasar Kachia, da gadon Jos. Na juyo masa kan Alheri ya ga wurin, ko da yake ya riga ya baje. Ya ajiye fartanyarsa.

"Murfin tukunya," in ji shi. "Ni guga ne. Guga ya bugi bakin rijiya, na tsinci kaina a cikin ƙaya."

"Tun yaushe, Baba?"

"Uwar mijinki tana amarya." Ya sha kunun, ya goge baki. "Matata ta mutu tana tsammanin ba na son mutane."

Na ce, "Baba, ka hana su."

"In na hana, na kashe mijinki da kunya. Tashi ki je. Kada ki ce masa kin zo."

Abin da ya ce ke nan. Na koma ban san ko na gyara ba ko na ɓata. Ranar ko loma ɗaya ba ta wuce mini ba, Mama har tana zolayata wai ko ƙanin Alheri ne a hanya.

Asabar gari ya taru a bakin coci. Baban Alheri ya sa kakinsa, ya ɗora Alheri a kafaɗa, ta riƙe kunnuwansa tana dariya. Leɓensa ya bushe fari. Na riga na yanke shawara in ya ɗaga ƙafa zan fizge ta, ko me za a ce a ce. Sai na ji mutane na gunaguni suna buɗe hanya. Baba Zingfa ne, da wata tsohuwar hular soja da ta koɗe, yana dogara sanda.

Ya ɗaga murya da Hausar bariki, "Ina maharban? Ku fito! Duk ku fito nan!"

Suka fito ɗaya ɗaya daga bayan rumbuna, su biyar, suna kallon juna. Babbansu ya ce, "Baba, ba haka ake yi ba."

"A wane bariki ka ga ana harbi ba oda? Ka taɓa zuwa yaƙi, ko gafiya kake bi?" Wurin ya kece da dariya. "Ni ne babban soja a garin nan da ya rage. Ku yi layi can a gabansa, bakin bindiga sama. Shi zai ba ku oda." Ya juyo wurina. "Mai ba da oda ba ya riƙe da yaro. 'Yar Kaduna, karɓi 'yarki."

Na karɓe ta, na toshe mata kunnuwa, na tsaya a bayansu. Don haka ni kaɗai na ga abin da saura ba su gani ba. Baba ya matso kafaɗa da kafaɗa da shi, ya zura hannu ta baya ya damƙe bel ɗinsa. Gwiwar Baba na kaɗawa har wandonsa na motsi. Baban Alheri ya ɗaga hannu sama. Ya daɗe a haka. Na ji wata mata na cewa me yake jira. Baba ya yi masa magana ƙasa ƙasa da yarensu, ban san me ya ce ba. Sai hannun ya sauka.

Ƙarar har a haƙorina na ji ta. Hayaƙi ya rufe wurin. Kafaɗarsa ta zabura, kowa ya gani, ba zan ɓoye muku ba. Amma bai faɗi ba, Baba ma bai faɗi ba. Aka yi tsit. Sai Mama ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, doguwa, har sauran mata suka kama.

Ana ta kiɗa da shan burkutu na nemi Baban Alheri na rasa. Na zagaya bayan rumbu, na same shi a durƙushe yana amai, Baba na zaune a ƙasa kusa da shi, hula a hannu, rigarsa jiƙe sharkaf. Ba wanda ya ce in zo, ban matsa ba. Ina juyowa na ga Mama a bayana da ƙwaryar ruwa. Ta dube su, ta dube ni.

"Kin ce yarinya ce ke tsoron ƙara."

"E, Mama."

"To." Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta je ta tsaya a bakin hanyar rumbun. Duk wanda ya nufo sai ta ce masa maza na magana.

Ranar Litinin muka kamo hanya. Baban Alheri bai yi mini magana ba a Langtang, bai yi ba a Jos. Ruwa ma in na miƙa sai ya karɓa bai dube ni ba. Na ce shi ke nan, na ceci kan 'yata na rasa mijina. Sai da muka tsaya a Kachia direba na shan mai, fasinjoji sun sauka sayen ayaba, ya juyo daga kujerar gaba.

"Ke kika gaya masa."

"Ni ce."

Ya mayar da kai yana kallon titi. Can ya ce, "Tun kafin a haife ni yake gudu gona. Ni ba ni da gona a Kaduna." Da direba ya dawo sai ya ce, "Ranar Talata ta sama ki raka ni wurin likitan nan."

Mun je sau uku yanzu. Ban ce ya warke ba. Har yanzu gadonmu ƙofa yake kallo, ni ma har yanzu da hannu biyu nake ɗaga murfin tukunya. Ranar Lahadi bayan coci yakan kira Baba a waya, su yi ta maganar awaki da ruwan sama, ban taɓa jin sun ambaci wani abu ba bayan wannan.

Maman Blessing, yanzu kin san ba daga gado Alheri ta faɗo ba, ki yafe mini. Turminki yana jikin tagarmu, ban ce ki matsar da shi ba. Amma in za ki ɗaga taɓarya, don Allah ki ɗan ɗaga murya tukuna ki ce, "Baban Alheri, zan daka."